Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Kunnen da Kawu Ya Ba Ni

Masu tambayata tun makon jiya me ya raba ni da garejin Kawu, ku ƙara haƙuri. Sai kun san abin da na riƙe a hannuna lokacin da na fita, sannan za ku gane fitar.

Na shiga hannun Kawu a Jekadafari jim kaɗan bayan an ba mu jiha a 1996, ma'aikata na ta ƙaurowa daga Bauchi, Gombe ta cika da babura. Yawanci Suzuki ne da Jincheng masu hayaƙi, waɗanda ba su da bawul, wato marufin da ke buɗe wa mai da hayaƙi hanya a inji, sai Honda CG ta masu hali. Kawu ba ya barin yaro ya taɓa sifana sai ya ƙoshi da sauraro. Maganarsa ɗaya ce safe da yamma: "Inji ba ya ƙarya, sai dai kunnen bakanike." In an kawo mashin zai ce a tayar, ya ɗauki doguwar sukudireba ya dafa bakinta a jikin injin, ya manna ƙotar a kunnensa. Daga kan injin yake farawa, ya gangaro bulok, ya sauka wajen kiranshaf, sannan ya miƙo min. "Kai yaro, me ya ce maka?"

A haka na rabe muryoyin sassan inji. Tafet, abin da ke danna bawul, daga sama yake magana, siririyar ƙara kamar keken ɗinki, kuma ba a saita shi sai inji ya huce. A CG ratar da ake bar masa milimita 0.08 ce. Fistin da ya yi wa bulok kaɗan da safe yake surutu, in ya ɗauki zafi ya kumbura sai ya lafa. Kwanrod kuwa, sandar da ta haɗa fistin da kiranshaf, daga ƙasa yake bugu, bugu mai nauyi, kana ƙara wuta yana ƙaruwa, zafi ba ya rufe masa baki. Wanda ya ji wannan ya ci gaba da tafiya, shi ya sani.

Shekarun da suka biyo baya ba ni da abin faɗa a kansu. Na yi aure, Inna ta rasu, Allah ya jiƙanta. Sai Boxer ta shigo gari, ɗan Kawu kuma ya dawo daga yawonsa na kudu aka ba shi benci kusa da nawa.

Wani ɗan acaɓa daga Pantami ya kawo Boxer tana kaca-kaca in tana tsaye. Ɗan Kawu ko sunkuyawa bai yi ba ya ce kwanrod ne. Na ce, "Yaya, taimin cen ne ya saki, ji daga gefe take fitowa." Shi a CG ya yi ɗan koyonsa, CG kuwa sanduna ke tura bawul ɗinta, ba ta da wannan cen ɗin da ke motsa bawul a Boxer, don haka kunnensa bai san muryarsa ba. A gaban yara ya ce in tsaya matsayina. Aka farke injin, kwanrod lafiya lau. Aka mayar, aka canza cen, aka karɓi kuɗin kwanrod a hannun mutumin da kullum sai ya kai balas kafin ya ci abinci. Kawu na zaune kan tabarma, ya ji komai. Mutumin da ya raine ni da cewa inji ba ya ƙarya, ran nan bai ce uffan ba. Har yau in na tuna sai ƙirjina ya yi nauyi.

Na ma tsallake zancen gaban mashin, alhali shi ya ɗaga sunana tun kafin wannan. Akwai wani mai sayen hatsi da ke bin kasuwar Kumo, kan babur ɗinsa na rawa in ya ɗan taka wuta, yana kuma ja hagu. An canza masa taya a wani wuri, a banza. Na ɗaga gaban sama, na juya kan a hankali, na ji yana sarƙewa a tsakiya: boris ɗin wuya ya ci rami. Na zare shokozoba biyun na mirgina sandunan a kan gilashi, ɗaya na tsalle, ta lanƙwashe. Wanda ya taɓa kafin ni kuma ya ɗaure ɗaya ta fi ɗaya leƙowa sama, man ciki ma ba daidai ba. Mutane ba sa ɗaukar wannan da muhimmanci. In ka zuro sandunan sama gaba ya yi ƙasa, kan zai yi saurin juyawa amma ya rasa natsuwa a guje. In ka lafta buhuna a baya, gaba ya yi sauƙi, rawa ta samu ƙofa. Na sa sabuwar sanda da boris, na auna mai daidai a kowace, na bar kusoshi sako-sako na danna gaban ya zauna da kansa, sannan na ɗaure. Na ja zare daga tayar baya zuwa ta gaba har suka hau layi ɗaya. Mutumin ya je Kumo ya dawo da kwanon gero a hannunsa. Ran nan Kawu da bakinsa ya ce wa maƙwabta, "Yaron nan ya fi ni kunne."

Shi ya sa shirunsa ya fi min zagin ɗansa ciwo. Dangi suna cewa na yi butulci, na bar wanda ya koya min sana'a. Su je su tambayi Goggo, tana raye, ta san wanda aka miƙa wa makullin gareji bayan sallar layya ba tare da an ko kira ni ba. Na kwashe sifanuna a buhun siminti na nufi Tashar Dukku, ko rumfa ba ni da ita. Yadda na samu wurin zama a can, da wanda ya tsaya min, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.