GTI biyu a fili ɗaya, ni kuma kuɗin guda gare ni

Asabar, bayan isha'i.

Yau dai Allah ya yi na tuƙa motocin nan biyu da dillali ya ishe ni da hotunansu a WhatsApp. Dukansu Golf GTI ne, samfuri na bakwai, wanda Volkswagen ta fara fitarwa a 2013. Farar 'yar 2014 ce, daga Turai ta zo, giyar hannu mai lamba shida. Baƙar kuwa 'yar 2016 ce, 'yar Amurka, otomatik irin wadda ake kira DSG. Inji iri ɗaya suke ɗauke da shi, lita 2 mai turbo. A takarda ta Turan ƙarfin doki 220 gare ta, ta Amurkan 210, amma ƙafata dai ba ta ji wani bambanci ba.

Da hantsi na biya Ƙofar Ruwa na ɗauko bakanikena, don na yi rantsuwa ba zan miƙa ko sisi ba sai ya leƙa ƙarƙashinsu. Ƙanena ma ya maƙale mana ba tare da an gayyace shi ba. Tun a hanya ya yanke hukunci: "Yaya, wallahi baƙar za ka ɗauka. Wa yake wahalar da kansa da kuloci a wannan zamanin?" Yaron da ko keke bai taɓa saya da kuɗinsa ba, amma babu bidiyon tseren mota da bai kalla a YouTube ba.

Duk wanda na ce wa Golf nake nema sai ya yi dariya, ya ce ko haya zan fara. Ban ga laifinsu ba. A nan in an ce Golf, abin da ke faɗo wa mutum a rai shi ne tsohuwar Golf 3 da aka danƙare da fasinja da buhuna a tashar Unguwa Uku. GTI wata aba ce daban, ko da yake jikin na gida ɗaya ne. Tun 1976 ake yin ta. Ta farkon doki 110 ne kacal, giya huɗu, nauyinta bai fi kilo 810 ba, kuma ita ta koya wa duniya cewa ƙaramar motar cefane za ta iya gudu ta kuma sha kwana kamar ta tsere. Abin da nake so ke nan: motar da zan kai yara makaranta da safe, ranar Lahadi kuma in hau titin Zariya in ji jinina ya motsa.

Farar na fara shiga. Kujerunta na yadi ne mai zanen murabba'i, ja da fari da baƙi, irin wanda aka san GTI da shi tun ta farko. Kan sandar giyar kuma mai ƙananan ramuka ne, siffar ƙwallon wasan golf. Yana cika tafin hannu daidai, ramukan suna ɗan riƙe fata ko da hannu ya yi gumi. Ribas ɗinta sai ka danna sandar ƙasa, ka kai ta can hagu, ka tura gaba. Dillalin ya buɗe baki zai nuna mini, kafin ya yi magana na riga na fito da ita daga layi. Kulocin ba shi da nauyi, amma sai ka ɗaga ƙafa ta yi nisa kafin ya kama. Bakanike na zaune a gefena ya kalli ƙafata, bai ce komai ba, na dai san ya ajiye abin a ransa.

Da muka fita bayan gari titi ya buɗe, na sauko daga lamba biyar zuwa uku na taka totur. Turbon ya ɗan ja numfashi, sannan kujera ta tokare mini baya. Sandar ba ta da tazara mai yawa, kowace giya tana faɗawa gurbinta da ɗan "ƙas" da kake ji a wuyan hannu. Abin da ya fi burge ni ba gudun ba ne. Kafin wata kwana na rage gudu, na ɗan taɓa totur yayin da kuloci ke ƙasa don inji ya daidaita da giyar da zan shiga, na saki ƙafa, motar ta shige kwanar ba ko girgiza. Ni na yi wannan, ba wata na'ura ba. A tsohuwar Peugeot 504 ta mahaifinmu na koyi tuƙi, kuma rabon da hannuna da ƙafafuna biyu su yi aiki tare haka an jima.

A dawowa ne ta nuna mini ɗaya fuskarta. Wajen Unguwa Uku wata tirela ta tsaya a karkace, 'yan adaidaita sahu suka cika kowace kafa. Taka kuloci, saki, taka, saki, lamba ɗaya, firi, lamba ɗaya. Ga ranar watan Afrilu tana dukan gilashi, ga na'urar sanyaya motar ba ta da wani ƙarfi. Kafin mu fita daga cunkoson cinyata ta hagu ta fara ƙorafi. Ƙanena daga baya ya ce, "Yaya, kullum fa haka za ka riƙa yi." Na yi kamar ban ji shi ba, amma gaskiya ya faɗa.

Baƙar ta ba ni mamaki, dole in faɗa. Na sa ta a S, wato giyar gudu, na taka, ta yi ɗaya, biyu, uku, huɗu, ba tare da na ji lokacin da ƙarfi ya yanke ba. Sai dai wata 'yar ƙara, "burup", da ke fita daga salansa duk sanda ta canza. Ƙanena har da tafi. A bayan sitiyari akwai 'yan faranti biyu, na dama ya ƙara giya, na hagu ya rage, kana taɓawa ta amsa. Duk iya tuƙin mutum, hannunsa ba zai kamo wannan saurin ba. Wanda ya ce maka giyar hannu ta fi DSG sauri, son zuciyarsa yake faɗa.

Bakanike ya yi wa ƙanena bayani, ni ma na kasa kunne. Ya ce wannan ba irin otomatik ɗin Corolla ba ce. A cikinta giyar hannu ce sak, haƙoranta da komai, sai dai kuloci biyu gare ta, kwamfuta ce kuma ke taka su. Kuloci ɗaya yana riƙe da lamba ɗaya, uku, biyar da ribas, ɗayan yana riƙe da biyu, huɗu da shida. Kana tafiya a uku, huɗu ta riga ta shiga tana jira. "Lugude ke nan," in ji shi, "taɓarya ɗaya na tashi, ɗaya na sauka, turmi ba ya zama shiru." Porsche ta gwada dabarar a motocin tsere tun shekarun 1980, amma a motar da mutum zai shiga shago ya saya, Golf R32 ce ta fara fita da ita a 2003.

Matsalar ta fito ne a inda babu gudu. Da muka dawo filin, na zo juyawa a hankali tsakanin motoci, ƙafata a kan birki ina ɗan saki. Sai ta yi jim, kamar tana tunani, sannan ta zabura. Na sake gwadawa a ribas, ta ƙara yi. Ba wani abu mai tsanani ba, wanda bai sa hankali ba ma ba zai lura ba. Dillalin ya ce, "Ranka ya daɗe, ai haka suke, duk DSG haka take." Bakanike ya jona mata kwamfutarsa, ya daɗe yana kallon allon, sannan ya tambayi takardar da ke nuna yaushe aka canza man giya. Babu. Agogon motar da mil yake lissafi tunda 'yar Amurka ce, kuma ya haura 90,000. Ita kuwa wannan giyar, ƙa'idarta a canza mata mai da matatar man duk mil 40,000, wato wajen kilomita 60,000. Ko mai ita na can ya yi, ko bai yi ba, Allah kaɗai ya sani.

Muka koma gindin wata darbejiya bayan azahar, muka sayi ruwan sanyi, a nan aka yi ainihin zancen. Na ce masa na ji ana zagin DSG, ana cewa ba ta da ƙarko. Ya ce mutane suna haɗa abu biyu ne. Akwai mai lamba bakwai da busasshen kuloci, DQ200, wadda ake sa wa ƙananan injuna, ita ce ta yi ƙaurin suna har kamfanin ya janye motoci da yawa a 2013 don a canza musu mai. Ta cikin wannan GTI ɗin DQ250 ce, mai lamba shida, kulocinta a cikin mai yake iyo, man yana kwashe zafi, kuma in an kula da ita tana daɗewa. "Amma Alhaji, in an kula da ita fa na ce." Man nata na musamman ne. Yaron gareji da ya saba da Toyota zai iya ɗura mata jan man otomatik da ya sani, da kyakkyawar niyya, ya kashe ta. Kuma abin da ta fi tsana shi ne abin da muke yi kullum a cunkoso, wato jan jiki kaɗan-kaɗan da ƙafa a kan birki, domin a lokacin kuloci ba ya kama gaba ɗaya, zamewa yake yi yana ɗaukar zafi. In ƙwaƙwalwarta ta taɓu, abin da suke kira mekatronik, ba gyaran guduma da sifana ba ne. Sai an nemo wani, a sa, a kuma daidaita shi da kwamfuta. Ya ce masu iya wannan aikin da kyau a garin nan ba su da yawa, kuma sun san ba su da yawa, shi ya sa kuɗinsu ba ya sauka.

Bai bar farar ba ita ma. Ya ce yadda kulocin ke kamawa a sama alama ce faifan ya ci rabin rayuwarsa ko fiye. Filawil ɗinta kuma, wato faifan ƙarfen da kuloci ke kamawa a jikin inji, mai ɓari biyu ne da sifirin a tsakani, in ya fara kaɗawa ba arha gare shi ba. Ya ƙara da gargaɗi yana kallon ƙanena: duk ranar da aka taɓa kwamfutar injin don a ƙara mata ƙarfi, kulocin da ta zo da shi zai fara zamewa, an san su da haka. A wannan fannin DSG ta fi juriya. Bambancin dai shi ne, in kulocin farar ya ƙare, zai sauke giyar da safe, ya sa sabo, in ɗauki motata da yamma. Abu ne da yake gani da idonsa, yake taɓawa da hannunsa.

Dillalin ya zo ya same mu da tasa hujjar, kuma ba ta banza ba ce. Ya ce ranar da zan sayar, baƙar za ta tafi cikin mako, farar kuwa sai ta yi wata da watanni, domin yaran yanzu ba su iya giyar hannu ba, masu kuɗin ma ba sa so. Ita farar ta daɗe a filinsa, shi ya sa ya yi mata sauƙi. Ya ce ko kamfanin ma ya daina. Nan ma bai yi ƙarya ba: tun da aka sabunta samfuri na takwas a 2024, GTI da DSG kaɗai take fitowa. Toyota ma da ta fito da GR Yaris a 2020 da giyar hannu zalla, a 2024 ta ƙara mata otomatik mai lamba takwas. Honda ce ta kafe, Civic Type R ba ta taɓa zuwa da otomatik ba. Shi yana kawo wannan ne don in gudu daga farar. Ni kuma jin haka sai ya ƙara mini sonta, tunda abin da ake daina yi ba kullum za ka same shi a tsaye yana jiranka da rangwame ba.

Na kira maman yara kafin in ce komai, don da otomatik ta koyi mota. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "To, ranar da ba ka da lafiya, wa zai tuƙa ka?" Na ce ai ga tata motar. Ta ce in tata tana gareji fa? Na yi shiru. Can ta ce in dai zan koya mata ba tare da faɗa ba, ta yarda, amma ranar da na ɗaga mata murya a kan kuloci, a ranar za a mayar da motar. Na ce na ji.

A raina na san baƙar ta fi dacewa da hanyar da nake bi zuwa ofis, kuma da a ce na ga takardar man giyarta, ko da sabuwa ce fil da garanti, wataƙila da ita zan dawo gida. Amma tsohuwar mota ce da ban san tarihinta ba, tana kuma zabura a ribas. In don hutun ƙafa ne, ai ba sai na sayi GTI ba, Camry ma ta isa.

Da la'asar na ba da kafin alƙalami a kan farar, bisa sharaɗi biyu: ranar Litinin a kai ta gareji a ɗaga ta, bakanike ya saurari filawil ɗin da kyau, sannan in kai takardun kwastam a tabbatar mini da su. In faifan kuloci ne kaɗai, za a cire kuɗinsa daga farashi, dillalin ya yarda bayan ya yi ta rantse-rantsen cewa faɗuwa yake yi. In har filawil ya shiga ciki, sai mu sake zama. Na'urar sanyi kuma ya ce gas ne kawai, bakanike ya ce sai ya gani.

Ƙanena bai yi mini magana ba har muka sauke bakanike. Da muka iso ƙofar gida ne ya ce, "Yaya, in za ka koya wa Anti, ni ma a sa da ni." Na ce ya fara kawo kuɗin mai.