Tsofaffin kajin da na yi kiwo a Samaru

Ranar da na shiga kasuwar Sabon Gari neman kajin ƙwai masu shekara uku, mai kajin dariya ya yi. Ya ce, "Likita, wa zai bar kaza ta kai shekara uku tana cinye masa abinci?" Gaskiyarsa. Da ƙwai ya ja baya, wajen shekara ɗaya da rabi, masu gona ke sayar da su. Dole irinsu na saya, Shika Brown, jinsin da aka samar a cibiyar binciken dabbobi ta Shika, na kai su bayan gidanmu a Samaru na zauna jiran su tsufa.

Dalilin wannan wahala shi ne kaza da kanta take kamuwa da sankarar gidan ƙwai, ba sai an dasa mata ba kamar yadda ake yi wa ɓeraye. Gidan ƙwanta na hagu kaɗai ke aiki, kusan kullum sai ya tsage ya saki ƙwai, ya warke, gobe ma haka. Tun 1971 likitan nan na Masar, Mahmoud Fathalla, ya kawo ra'ayin cewa yawan tsagewa da warkewar nan na share wa cutar hanya a jikin mata. Kaza mai shekara biyu kuwa ta riga ta saki ƙwai ɗaruruwa, kusan abin da mace ke saki a duk shekarunta na haihuwa.

Ni sojojin garkuwar jiki nake bi, ƙwayoyin T masu alamar CD8. Wani bincike na 2003 ya nuna matan da ƙwayoyin T suka kutsa cikin ƙarinsu sun fi daɗewa a raye. Amma a wajen mata sai cutar ta yi nisa ake yawan gano ta. A kaza ana iya ganin farkon faɗan.

Wata uku da sayensu, ɗaya ta mutu. Na buɗe, ga gidan ƙwai ya kumbura ya yi fari. A madubin likita fili ya cika da ƙwayoyin garkuwa. Da sauri na kai wa malamina. Ya duba ya daɗe, sannan ya ce, "Ka ga hantar? Jijiyar cinya fa?"

Ban duba ba. Allah ya sa gawar na cikin firiji. Jijiyar ta yi kauri fiye da 'yar'uwarta. Cutar Marek ce, wata cutar kaji wadda ƙwayarta ke mayar da su ƙwayoyin T ɗin sankara. Abin da na wuni ina ƙirgawa a matsayin sojoji, ashe su ne cutar. Tun ranar ba na buɗe kaza ban ɗebi hanta da saifa da jijiya na jefa a fomalin, ruwan maganin da ke hana nama ruɓewa, ba, kuma kafin in tambayi farashi nake tambayar rigakafi.

Buhun abinci kullum tashi yake. Mama ta sa musu suna "ba ci ba sayarwa".

Sankarar gidan ƙwai ta gaskiyar sai a zafin Afrilu ta bayyana a jikin wata kaza, bayan sun haura shekara uku. Cikinta ya cika da ruwa, tana tafiya a miƙe, irin kumburin da ake gani a matan da cutar ta yi wa nisa. Ƙwayoyin T sun yi cincirindo a gefen ƙarin, 'yan kaɗan ne suka shiga ciki. Wannan karon sai da na duba jijiyoyin biyu kafin na hau babur zuwa wurin malam.