Aikin da Na Ɗaga Sau 19

Shafin farko na littafin da nake jera ayyukan yini yana nan har yau, kuma duk lokacin da na buɗe shi sai na yi wa kaina dariya. Abu 14 na jera a ranar: in tashi da wuri, in motsa jiki, in karanta shafi 30, in amsa saƙonnin da suka taru, in gyara ɗaki, in rubuta takardar neman ƙarin karatu, da sauransu. Da dare ya yi na ƙirga, huɗu kacal na soke, su ma masu sauƙin ne. Washegari na jera 12. Haka na yi ta yi har kusan mako uku, kullum ina kwanciya kamar wanda ake bi bashi.

Yayana ne ya fara ganin inda gizo ke saƙar. Ya zo ya tarar da littafin a kan tebur, ya karanta shafin ranar, ya ɗago ya dube ni.

"Wannan aikin mutum nawa ne?"

"Nawa ne ni kaɗai, Yaya."

"To ka ɗauki ma'aikata," in ji shi, ya ajiye.

Na ji haushi a lokacin, domin ni a ganina lalaci ne ke damuna, maganinsa kuwa in ƙara matsa wa kaina. Ashe na bar jaki ina dukan taiki. A ƙarshen makon na zauna na yi lissafin da ban taɓa yi ba. Awa 168 ce a mako, ga kowa. Na cire 56 na barci, na cire 55 na aiki da zirga-zirgar zuwa da dawowa, sannan na cire hidimar gida da ta iyali da wanka da sauran abubuwan da ba a rubuta su amma dole a yi. Abin da ya rage mini bai kai awa 15 ba, kuma rabinsu suna zuwa ne lokacin da na riga na gaji tiɓis. Ni kuwa ina zuba musu aikin awa 40.

Daga baya na gane ba ni kaɗai ke wannan wautar ba. Tun a 1979 masana halayyar ɗan Adam Daniel Kahneman da Amos Tversky suka yi bayanin yadda mutum ke raina lokacin da aiki zai ci masa, ko da ya sha yin irinsa a baya. A wani bincike da aka wallafa a 1994 an tambayi ɗaliban jami'a a Kanada kwana nawa ya rage su gama kundin bincikensu. Ƙiyasinsu ya tsaya a wajen kwana 34, amma sai da suka ci wajen 55. Da na karanta wannan sai na daina zagin kaina, na ɗauki wata ɗabi'a: duk abin da zuciyata ta ce awa ɗaya ne, in ba shi awa ɗaya da rabi.

Amma babban darasin daga layi ɗaya ya fito. Ina da al'adar zana 'yar kibiya a gefen duk aikin da ban yi ba, alamar na ɗaga shi zuwa gobe. Ranar nan ina juya shafuka baya sai na lura "rubuta takardar neman ƙarin karatu" yana kowane shafi, da kibiyarsa a gefe. Na ƙirga, 19. Har rubutun ya canja: a shafukan farko cikakkiyar jimla ce da kyakkyawan hannu, a na ƙarshe kuwa "takarda" kawai, da jagwalgwalo, kamar ina jin kunyar kalmar. Kuma shi ne abin da ya fi komai muhimmanci a jerin. Gyaran ɗaki da amsa saƙo suna samun shiga ne saboda suna ba ni daɗin soke layi, shi kuwa ana ta tura shi gaba.

Na tambayi kaina, in da yanzu zan tashi in yi shi, me hannuna zai fara taɓawa? Sai na rasa amsa. Nan na gane ba aiki ɗaya ba ne, tarin ayyuka ne na ɗaure da igiya ɗaya. Ban san ranar rufe karɓa ba, ban san inda takardar shaidar kammala karatuna take ba, ban kuma nemi wanda zai rubuta mini takardar shaida ba. Washegari na rubuta: "nemo takardar shaida a cikin akwatin ƙarƙashin gado." Minti 20 ya ɗauke ni, har da kaɗe ƙura.

Daga nan ne tsarin mako ya shigo, kuma shi ne ya gyara na yini. Burin yini shi kaɗai makaho ne, abin da ya fi ihu yake bi. Yanzu a yammacin ranar ƙarshe ta mako nakan ɗauki rabin awa in zaɓi abu uku da nake so in ga sun kammala kafin mako ya zagayo. Uku kawai, kuma kowanne sai ya zama abin da za a iya cewa an yi ko ba a yi ba. "In ƙara karatu" ba ya shiga, "in gama babi na huɗu" yana shiga. Edwin Locke da Gary Latham sun shafe shekaru suna bincike a kan wannan, abin da suka yi ta samu kuwa shi ne buri takamaimai mai ɗan wuya ya fi "yi iya ƙoƙarinka" fitar da aiki. Ni ma na shaida, domin iya ƙoƙarina kullum yakan ƙare daidai inda na fara jin barci.

Kowane dare kuma in ciro abu ɗaya daga cikin ukun nan in sa shi a saman shafin gobe, tare da lokaci da wuri. Wannan dabarar ta Peter Gollwitzer ce, masanin halayyar ɗan Adam da ya yi rubutu a kanta a 1999: ka ɗaura aikin a kan wani abu da tabbas zai faru. Nawa shi ne, da zarar na shigo gida na ajiye jaka, kafin in taɓa waya, zan zauna minti 40. Maganar wayar nan ba wasa ba ce. In na ce bari in duba saƙo ɗaya, to an gama da daren.

Ba kullum ake dacewa ba. Akwai makon da rashin lafiya ya shigo gida, ban ko buɗe littafin ba, kuma ban ga laifina ba. Akwai kuma lokacin da na zarme, na fara auna ko hira da 'yan'uwa da agogo, har aka fara ce mini na canja. Dole na janye, na bar rana ɗaya a mako babu jeri ko kaɗan.

Takardar dai ta tafi kwana 11 bayan na buɗe akwatin nan. Da na gaya wa Yaya sai ya tambaya ko na ɗauki ma'aikatan ne. Na miƙa masa littafin. Layi uku ne a shafin ranar, biyu a soke, na ukun da kibiyarsa a gefe, karo na biyu ke nan.