Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Takardar Ɗan Yayana

Makon jiya na tsaya a inda muka dawo daga maƙabarta a Houston ta jihar Texas a Amurka, bayan haɗarin motar da ya yi ajalin ɗan Yayana yana aji 11, wato ajin kusa da na ƙarshe a sakandare. Yau zan tsallake shekara guda, domin babu abin faɗi a cikinta sai zaman shiru da karɓar gaisuwa ta waya daga Kano.

Da bikin yaye 'yan ajinsu ya matso, wata malamarsa ta kira matar Yaya ta ce suna da haƙƙin karɓar takardar shaidar kammala sakandarensa. Ni ma da na ji, na ɗauka lallashi ne kawai. A gida, wanda bai zauna WAEC ko NECO ba, wa zai ba shi sakamako? Amma a Amurka makaranta ce ke ba da takardar, kuma jihar Texas tana da doka a kai: idan iyaye suka nema, dole hukumar makarantun yankin ta fitar da ita da sunan mamacin. A da sai wanda ya rasu a aji 12 kuma karatunsa na tafiya daidai. A 2019 aka gyara dokar, shekara guda bayan harbin da aka yi a sakandaren Santa Fe, kusa da mu, inda mutum 10 suka mutu, 8 daga ciki ɗalibai. Yanzu ko a wane aji yaro ya rasu ana bayarwa, sai dai a jira ranar da 'yan ajinsa za su fita.

Yaya ya ce atafau ba za a nema ba.

"Me mamaci zai yi da takarda? Addu'a yake buƙata, da sadaka."

Na ce, "Yaya, gaskiyarka. Amma ba shi za a ba ba, uwarsa za a ba."

Ya yi mini kallon da yake yi mini tun ina ƙarama idan na yi masa katsalandan. Ban fasa ba. Matar nan ita ce ke tashi da asuba ta kai shi bakin titi jiran motar makaranta, ita ke zama da shi a kan lissafin da ita kanta ba ta gane ba. A ganina wahalar da ta sha ce za a sa wa hannu, kuma ban ga inda hakan ya ci karo da tawakkali ba. Abin da Yaya ke gudu, na gane daga baya, shi ne taron: kiɗa, tafi, da a kira sunan ɗansa a lasifika a gaban dubban mutane.

Sai aka raba gardama. Matar Yaya ta rubuta takardar nema, ni na kai ofis. Yaya ya ce ba zai je filin ba, amma bai hana mu ba. Ya ce ranar zai sa a yi saukar Alƙur'ani a masallacinmu.

Ana saura kwana kaɗan, makaranta ta aiko tambayar wa zai hau dandamali ya karɓa. Matar Yaya ta ce ƙafarta ba za ta ɗauke ta ba. Ta juyo ta ce, "Gwaggonsa, ke za ki hau."

Mu haɗu mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.