Godiya ga duk wanda ya tsaya mana a kan yaran nan na dutse

Assalamu alaikum jama'ar Damagaram, na gida da na nesa.

Alhamdu lillahi, an sallamo ƙaninmu daga likita, wanda ya karye a ƙafa da hadari ya rutsa da shi da abokansa biyu a kan dutse har dare ya yi musu. An yi hoto, karaya ce guda ɗaya a ƙasan ƙauri, an ɗaure, kuma an ce ba sai an yi aiki ba. Abokansa biyu suna gidajensu, ba abin da ya rage musu sai tsamin jiki da kunyar fitowa ƙofar gida. Ba za mu maimaita labari ba, kun bi shi tun daren a WhatsApp da Facebook, mu ma har yanzu barci bai gama biyan bashinsa ba. Wanda ya kira ba mu ɗauka ba ya yafe mana.

Muna godiya ga 'yan kabu-kabun unguwarmu da suka bi hanyar Gure cikin taɓo da dare, suka ƙi karɓar ko kuɗin mai. Muna godiya ga 'yan kwana-kwana, da mai garin ƙauyen da ya sa aka yi shela a lasifikar masallaci, da ma'aikatan da suka karɓe mu a likita da asuba. Allah ya saka muku da alheri.

Sai mutum biyu da suka roƙe mu kada mu ambace su. Sun yi haƙuri, ba za mu iya yin shiru ba.

Na farko Baba makiyayi, mai garken awakin nan da ke kwana a gindin dutsen. Ya iske yaran a bakin kori, wato rafin da ruwan sama ke cikawa, biyu sun tallabo mai karaya, ɗayansu har ya naɗe wando zai tsallaka ya kira mutane, ruwa kuwa ja wur yana gudu cikin duhu. Baba ya riƙe masa riga, ya ce ba inda za shi. Ya kafa sandarsa daidai bakin ruwan, ya ce su zauna su zuba mata ido, sai ruwa ya ja baya ya bar ta a tudu sannan a yi maganar tsallakawa. Yaron nan ya ce mana har haushin tsohon ya ji a lokacin. Duk wanda ya san kori ya san da ya shiga, da yau zaman makoki muke yi. Baba ne kuma ya sari itace biyu ya ɗaure ƙafar da rawaninsa, ɗauri ɗaya sama da karayar, ɗaya ƙasa da ita, bai ja ba, bai murɗa ba, yana taɓa 'yan yatsun lokaci-lokaci ya ji ko suna da ɗumi. Likita ya yaba wannan ɗauri. Mun kai masa ɗan abin da ya sawwaƙa, ya mayar mana, rawanin kawai ya karɓa.

Ta biyu Inna, matar gidan farko bayan korin. Itacenta busasshe, wanda ta killace a ɗaki don girkin damina, shi ta fito da shi duka ta hura wa 'ya'yan da ba ta san iyayensu ba. Ta sa suka tuɓe jiƙaƙƙun riguna, ta lulluɓe su da zannuwanta, ta dama kunu. Mai girki da itace a watan malka shi ya san girman wannan kyauta. Inna, Allah ya sanyaya miki kamar yadda kika ɗumama mana su, ya raya miki zuri'a, ya kai ki ɗakinsa.

Mutane da yawa sun tambaye mu, mu da muka saba hawan duwatsun nan da raka baƙi, yadda aka yi dutsen da bai taka kara ya karya ba ya yi wannan aika-aika. Samari suna cewa ai ba Bagzan ba ne, mai tsayin mita 2,022 can ƙasar Abzin. Gaskiya ne. Amma abin da ya kayar da yaran nan lokacin da suka zaɓa ne.

Sun fara hawa ƙarfe uku da rabi na yamma, a watan Agusta. A wannan wata rana tana faɗuwa a Zinder wajen bakwai saura kwata, kuma ba a cika rabin awa ba duhu ya rufe. Hawan ya ci musu awa ɗaya da rabi. Saukowa a kan busasshen dutse kusan haka take ci, in ya jiƙe kuwa sai a ninka. Ke nan ko da ƙafa ba ta karye ba, lissafin ya riga ya kai su cikin dare. Mai hawa da damina bayan asuba yake tashi, ya sauko kafin azahar, kuma tun yana ƙasa yake yanke lokacin juyowa: ƙarfe kaza na yi, an kai ƙololuwa ko ba a kai ba, a juya.

Abu na biyu ba kowa ke lura da shi ba. Hadarin ƙasar nan galibi daga gabas yake tasowa, ya fi yawa kuma daga la'asar zuwa dare. Su kuwa ta fuskar yamma suka hau, dutsen da kansa ya tare musu gabas. Sama garau a gabansu, ba su ga baƙin da ke haɗuwa a bayan dutsen ba sai da suka leƙa ƙololuwa. In da hali a hau ta inda ake ganin gabas, in babu, a zagaya a duba ta kafin a sa ƙafa. Alamun ba ɓoyayyu ba ne: zufa mai yawa, iska ta tsaya cak, girgije ya miƙe sama kansa ya baje kamar uwar maƙera, sai jan ƙura a ƙasansa. In iska mai sanyi ta bugo ka, 'yan mintoci suka rage, ba lokacin ɗaukar hoto ba ne. Hasashen yanayi na salula yana taimakawa, amma ba zai gaya maka wane dutse hadarin zai bi ba.

Tsawa ita ce abin da ya fi tsorata mu da muka ji inda suka fake. In ka ga walƙiya, ƙirga daƙiƙa har ka ji ƙarar, kowace daƙiƙa 3 kilomita 1 ce. In bai kai daƙiƙa 30 ba, tana iya samun ka. A bar ƙololuwa nan take, a bar itace guda da ke tsaye shi kaɗai (gawo ma ko ganye ba ya da shi da damina, balle ya tare ruwa), kada kuma a tsaya a bakin ƙaramin kogo, don wutar tsawa tana bin jiƙaƙƙen dutse. Kada a dunƙule wuri ɗaya, a warwatsu da tazarar taku 20, yadda in ta samu ɗaya sauran za su iya taimakonsa. Bayan ƙara ta ƙarshe a jira minti 30.

Karayar kanta silifas ne ya jawo ta. Duwatsunmu masu sulɓi ne, ga gansakuka da ke farfaɗowa da ruwan fari, in sun jiƙe ko takalmi mai tsaga a ƙasa sai da lallaɓawa. A irin wannan hali da zama ake saukowa, hannu biyu da ƙafa biyu, ana motsa ɗaya bayan ɗaya, ba a kuma cusa hannu cikin tsagar dutse saboda kububuwa da kunama. Kowane mutum ya riƙe ruwa lita 2 aƙalla, da tocila tasa ta kansa ban da ta salula, da usur, da babbar leda ko rigar ruwa, don jiƙaƙƙiyar rigar auduga da iska suna sa mutum makyarkyata ko a Agusta. Su ukun salula ɗaya ce mai caji, ita ce fitila, ita ce kira, ta mutu kafin isha'i. Kuma ba wanda suka gaya wa dutsen da za su, shi ya sa aka ɓata awanni ana nema a wani gefen.

Iyayenmu mata na unguwa da suka kwana da mahaifiyar ƙanin namu, malaman da suka tashi almajirai aka yi ta addu'a, 'yan uwa na Maraɗi da Yamai da suka yi ta kira, da na Kano da suka kamo hanya washegari, Allah ya bar zumunci. Akwai kuma waɗanda gidansu da namu ba nisan kabu-kabu ba ne, jini ɗaya, har yau ko sannu. Wataƙila saƙon bai kai musu ba. Ƙofa dai a buɗe take.

Ya Allah, duk wanda ya taka ƙafa, ko ya kashe kuɗinsa, ko ya ɗaga hannu saboda yaran nan, ka tsare masa nasa. Ka raba shi da kiran dare mai tayar da hankali, ka tsare mu da tsawa da ruwa da abin da ke cikin duhu, ka ba mu damina mai albarka, ka cika rumbun Inna, ka yawaita garken Baba, ka ba majinyatan da muka baro a likita lafiya. Amin summa amin.

Masu son dubiya su zo bayan la'asar, da safe yana barci saboda magani. Akwai kuma tocila huɗu, igiya ɗaya da bargo mai ratsin shuɗi da suka rage a zaurenmu ba mu san masu su ba, mai abu ya zo ya karɓa.