Ƙwaron da ya murɗe mini attarugu ban gan shi ba

A bayan gidanmu da ke Rigachikun akwai wani ɗan fili da na kewaye da raga, na rufe samansa da leda mai kauri. A ciki nake noman attarugu da tattasai a buhu, buhu 120 cikin layi shida. Na gina rumfar ne don in huta da farin ƙuda da kuma ruwan Agusta da ke kakkaɓe fure. Shekarar farko Allah ya sa albarka, har muka daina sayen kayan miya, na riƙa kai ragowar kasuwar Kawo.

A damina ta biyu, wajen tsakiyar watan Yuli, na lura da wani abu a layin da ke kusa da ƙofa. Ganyen ƙasa yana nan kore shar, amma tohon sama ya canza. Sabbin ganyaye sun tsuke, sun yi siriri, gefensu ya lanƙwashe ƙasa kamar cokalin da aka kife. In ka taɓa sai ka ji sun yi tauri, in ka matsa su karye. Bayan ganyen ya yi wani launi kamar na tagulla, yana ɗan sheƙi. Furen kuwa tun bai buɗe ba yake zubewa. Na juya ganye ya fi ɗari ina dubawa, ban ga ko ƙwaro ɗaya ba.

Daga nan na shiga kame-kame. Da farko na ce yunwa ce, na ƙara taki. Takin ya fito da sabon toho, shi ma ya murɗe. Na tsinki reshe na kai wani shagon maganin gona a cikin gari, mai shagon ya kalla daga nesa ya ce darɓa ce, ya miƙo mini maganin ƙwari irin wanda ake fesa wa wake. Na fesa sau biyu. Kafin mako biyu abin ya tsallaka layi na biyu da na uku.

Abin da har yau yake damuna shi ne wanda na yi wa ƙanena. Ya taɓa aron famfon feshina ya kai gonar masara, sai zuciyata ta ba ni cewa maganin ciyawa ya zuba a ciki bai wanke ba. Maganin ciyawa irin 2,4-D yana murɗe ganyen attarugu kusan haka, wannan gaskiya ne. Amma ban tambaye shi ba, faɗa kawai na rufe shi da shi a gaban yara. Ya ce, "Yaya, wallahi sau uku na wanke da omo." Ban saurare shi ba.

Wani dattijo maƙwabcinmu, wanda ya yi shekaru yana lambu a bakin kogin Kaduna, ya leƙo ya ce wannan ciwon nan ne da ba shi da magani, wanda farin ƙuda ke kawowa, in tuge in ƙone kafin ya cinye sauran. Na ce, "To, Baba." Na tuge buhu 14 a yini ɗaya. Shawararsa ba ta banza ba ce, don akwai cututtukan bairos da ke naɗe ganyen barkono, kuma tugewar ce maganinsu. Sai dai nawa ba shi ba ne.

Wani abokina ne ya haɗa ni da malamin gona da ya yi karatu a Samaru. Da ya zo bai tambaye ni me na fesa ba. Ya tsinki ɗan ƙaramin ganye daga can tsakiyar toho, wanda bai kai farcen ɗan yatsa ba, ya zaro wani ɗan gilashin ƙara girma daga aljihu irin na masu gyaran agogo, ya juya bayan ganyen wajen haske. Ya daɗe yana kallo, sannan ya miƙo mini.

"Malam, matso da shi dab da idonka, sannan ka kawo ganyen a hankali."

Da farko duhu kawai nake gani. Can sai abin ya washe. A gefen jijiyar ganyen ga wasu 'yan ƙwayaye a manne, masu haske kamar ɗigon ruwa, kowanne an yi masa ado da fararen ɗige-ɗige a jere kamar an tsara su da allura. A tsakaninsu wasu 'yan halittu masu ruwan zuma-zuma suna tafiya. Na ga ɗaya yana sauri ɗauke da wani a bayansa. Tsigar jikina ta tashi. Wata guda ina juya waɗannan ganyaye da hannuna, ashe gari guda ne a kansu.

Malamin ya ce sunansa a ilimin kimiyya Polyphagotarsonemus latus, kuma ba ƙwaro ba ne irin su fara ko darɓa masu ƙafa shida. Dangin kaska ne da gizo-gizo, babbansa ƙafa takwas gare shi. Macen ba ta wuce kashi ɗaya cikin biyar na milimita ba, namijin bai ma kai haka ba, shi ya sa ido ba ya kama su. Ƙwan nan mai fararen ɗige-ɗige shi ne shaidar da ba ta ƙarya. Wanda na gani da kaya a baya kuwa namiji ne, yana ɗaukar macen da ba ta gama girma ba ya kai ta sabon toho. A haka suke bin shukar sama-sama, kullum suna inda ganye ya fi taushi. Yawunsu yana da dafi, shi ne ke hana ganye buɗewa, ya sa ɗan attarugu ya fito da kirci kamar fatar kada.

Abu biyu ya faɗa da suka warware mini komai. Na farko, in akwai ɗumi da laima, daga ƙwai zuwa babba mai yin nasa ƙwan ba ya cika mako guda. Rumfata a watan Agusta, ga leda a sama ga ban ruwa kullum ga shuka a cunkushe, ta zame musu gidan biki. Na biyu, maganin da na fesa ba nasu ba ne. Irin wannan maganin ya fi kashe ƙananan halittun da ke cinsu, sai ya bar musu fili. Wato da kuɗina na yi musu shara.

Ga yadda muka ɓullo wa abin. Na fara da almakashi. Duk tohon da ya murɗe na yanke shi har da ɗan abin da ke ƙasansa, ina jefawa kai tsaye cikin leda, ba a ƙasa ba, na ɗaure na kai waje na ƙone. Na rage ganyen da ya yi yawa, na ja buhunan nesa da juna yadda reshe ba zai taɓa reshe ba, na ɗage ledar gefe don iska ta ratsa. Ban ruwa ya koma da safe kawai, a gindi.

Sannan magani. Malamin ya ce in nemi mai sinadarin abamektin, in kuma duba jikin kwalbar in tabbatar an rubuta acaricide ko miticide, kalmomin da ke nuna an yi shi don dangin kaska. Na bi awon da ke jikin takardar ba ƙari. Feshin ma da yadda ake yinsa: da yamma bayan la'asar, don rana tana lalata sinadarin kuma yana cutar da ƙudan zuma, sannan a juya bakin famfon sama ya jiƙa bayan ganye da cikin toho. A da ina wucewa ne a tsaye ina yayyafa wa shuka a ka, kamar mai ba fulawa ruwa. Yanzu sai na durƙusa a kan kowane buhu. Na sa safar hannu da takunkumi da riga mai dogon hannu, na hana yara shiga, kuma ban tsinki ko ɗaya don miya ba sai da kwanakin da takardar ta ƙayyade suka cika.

Abamektin ba ya gamawa da ƙwai, saboda haka feshi ɗaya yaudara ce. Na maimaita bayan kwana biyar, lokacin da ƙwayayen suka ƙyanƙyashe amma ba su kai ga cika wurin da sababbi ba. A zagaye na uku na canza zuwa farar wuta, irin garin da ake damawa da ruwa don feshi, saboda in ka nace wa sinadari ɗaya sukan saba da shi.

A nan ma na sake yin ɓarna. Farar wuta tana aiki sosai a kan wannan halitta, amma tana ƙona ganye in zafi ya haura wajen digiri 32. Ranar na ga hadari ya rufe, na fesa da hantsi, sai gari ya washe rana ta buɗe. A ƙarƙashin leda zafin ya fi na waje sosai. Washegari layi guda ya yi kamar an watsa masa ruwan zafi. Haka kuma ba a haɗa ta da mai, ko man darbejiya ne, sai an bar aƙalla mako biyu tsakani. Wannan na sani tun kafin in fesa, zafin ne na raina.

Kwana goma bayan fara maganin na kira malamin raina a ɓace, na ce ganyen da suka ɗan lanƙwashe har yanzu ba su miƙe ba. Ya ce ba za su taɓa miƙewa ba, ganyen da dafin ya taɓa ya tafi ke nan, in daina kallonsu in kalli abin da ke fitowa. Na koma na duba. A hammatar rassan da na yanke ga 'yan ganyaye sun leƙo, shimfiɗaɗɗu, masu laushi, koren nan mai haske. Na zauna a kan bokiti na daɗe ina kallonsu.

Da hankalina ya kwanta na bi sawun inda abin ya shigo. Layin bakin ƙofa shi ne inda na cike gurbi da dashen da na saya a bakin hanya, na shigar da shi ranar da na kawo. A kusurwa kuma na bar lalo ya tsiro don uwargida tana sonsa, alhali lalo yana cikin shukokin da wannan halitta ta fi so, tare da gauta da wake da kokwamba da auduga. Ragar ma ta yage a wuri biyu, kuma malamin ya ce sukan maƙale a ƙafar farin ƙuda ya kai su wata shukar. Sauran aikin ni na yi musu: kullum nakan fara da layin da ba shi da lafiya don shi ke raina, in gama shafa shi sannan in wuce cikin masu lafiya da hannun da rigar.

Yanzu duk dashen da ya zo daga waje yana yin mako biyu a zaure kafin ya ga rumfa. Na kuma gwada tsoma ƙananan dashe cikin ruwan ɗumi mai digiri 43 zuwa 49 na minti 15, wanda ke kashe su ba tare da ya dafa shukar ba. Wannan sai da ma'aunin zafi na girki, don na asibiti ba ya kaiwa can, kuma hannu ba ya iya tantancewa. Na fara da guda biyar, na tsaya a wajen 45, da na ga sun farfaɗo sannan na yi wa sauran. Da na kwashe amfanin ƙarshe na fitar da komai, na share ko ɗan ciyawa ban bari ba, na bar rumfar fayau cikin iskar hunturu, don bushewa ba ta yi musu daɗi.

Na sayi gilashina mai ƙara girma sau 30, yana rataye a ƙusa a bakin ƙofar rumfa. Litinin da Alhamis bayan sallar asuba, in gari ya yi haske, nakan tsinki toho biyu daga kowane layi in duba. Daga buhu 120 na tsira da 90 da 'yan kai, kuma amfanin ya makara da kusan wata guda. Kwandon farko da na tsinka ban kai kasuwa ba. Na ɗauka na kai ɗakin ƙanena, na ba shi haƙuri a gaban yaran da na yi masa faɗa a gabansu. Ya ce, "Haba Yaya, ai ya wuce," sannan ya tambaya ko zan nuna masa ƙwan nan mai ɗige-ɗige. Muka zaga baya, muka duba toho goma sha biyu, ba mu samu ko ɗaya ba.