Doktora kan shari'a: abin da na je nema nesa yana gonar kawuna

A takarda lissafin mai sauƙi ne: lisans shekara 3, mastar shekara 2, doktora shekara 3. Ni tawa doktorar ta ci shekara 8. In an cire ɗaya da zan iya ɗora wa rashin kuɗi, ragowar da suka hau kai ni na zubar da su da hannuna. Tun da ƙannenmu suka fara tare ni a ƙofar masallaci ko wajen ɗaurin aure suna cewa, "Yaya, ni ma doktora nake so in yi kan shari'a," na ga amsar tsaye ba za ta isa ba. Gara in zauna in nuna muku wuraren da na yi tuntuɓe.

A 2008 na yi rijista a wata jami'a ta ƙasar maƙwabta. Abin da na zaɓa in yi tez a kansa, wato littafin binciken doktora, shi ne Kotun Tsarin Mulki ta Nijar a ƙarƙashin kundin 1999. Ba don wani abu ya dame ni game da kotun ba. Sunan ne ya burge ni. In na zo hutu Damagaram na zauna a fadarmu ta shayi, aka ce "Me kake karantawa?" na zuba shi da Faransanci, sai wuri ya yi tsit, ni kuma kaina ya ƙara girma. Shekara guda na yi ina bayanin ayoyin doka: aya ta kaza ta ce kaza, alƙalan kotun ga yadda ake naɗa su, ga yadda ake yi a Faransa.

Sai 2009 ta zo da tazarce. Kotun ta ce wa Shugaba Tandja Mamadou a'a, aka rushe ta a watan Yuni. Ranar 4 ga Agusta aka yi zaɓen raba gardama, sabon kundi ya fito. Ranar 18 ga Fabrairu 2010 soja suka karɓi mulki, ranar 25 ga Nuwamba aka sa hannu kan wani kundin kuma. Dokar da nake ta sharhi a kanta ta mutu, aikina ya bi ta kabari.

Na daɗe ina cewa ƙaddara ce ta faɗa mini. Ba gaskiya ba ne. Ɗalibi mai ido da ya ga kotu ta tsaya gaban shugaban ƙasa ta ce a'a, ya san an kawo masa tez har gida: me ke ba alƙali ƙarfin yin haka, kuma me ya sa takarda ba ta kare shi ba? Ni ban gani ba, saboda maudu'i nake da shi, ba ni da tambaya. Maudu'i fili ne kawai. Tambaya ita ce rijiyar da za ka haƙa a cikinsa, abin da malamai ke kira furoblematik suna ta nanatawa muna gyaɗa kai ba mu gane ba. Mai tambaya, in doka ta canja, ya sami ƙarin hujja. Mai kwafar ayoyi kuwa ya koma farko. Ƙasar da ta ga jamhuriya bakwai, kuma aka sake jingine kundinta bayan 26 ga Yuli 2023, ba wurin da mutum zai gina shekarunsa a kan lambar aya ba ne. Kafin ka biya kuɗin rijista, gwada faɗin tambayarka da Hausa, cikin numfashi ɗaya, ga wanda bai yi lakkwal ba. In ya ce "To, sai me?" kuma ka rasa amsa, ba ka shirya ba.

Bayan wannan na shiga shekarun da na fi jin kunyarsu. Ina "karatu". Duk littafin da na gani sai na yi fotokofinsa, har na tara kwali huɗu, gara ta taya ni cin ɗaya. Karatu yana da daɗi domin ba wanda zai ce maka ka yi kuskure. Rubutu ne ke tona asiri, shi ya sa nake gudunsa. Ga wata wauta: ina kwafar magana mai kyau a littafina ba na sa sunan mai ita ko shafin. Da lokacin haɗa aiki ya zo, na kasa bambanta tawa da ta mutane, na ɓata watanni ina bin sawu, don in jimlar wani ta shige ba ka ambace shi ba, sunanta sata ko da mantuwa ce. Kwamfutata kuma ta mutu da babi guda a cikinta, ba kwafi ko'ina. Ka tura wa kanka aikinka ta imel duk Juma'a, wannan ba sai an yi dogon bayani ba.

Daraktan tez ɗina babban malami ne, kuma don sunansa na bi shi. Ban tambayi ɗalibai nawa ke hannunsa ba, ban nemi waɗanda suka riga ni na ji ko nawa suka kai ga sutnans ba, wato zaman kare tez a gaban malamai. Mutumin kullum yana hanya. Amma rabin laifin nawa ne: kunya irin tamu ta hana ni tuna masa, ina ganin rashin ladabi ne yaro ya matsa wa babba. Sai in yi shiru wata takwas, sannan in jibga masa shafi ɗari. Wa ke da lokacin wannan? Da na koyi aika shafi goma da tambaya ɗaya a sama, sai ga amsa tana zuwa. Ka tabbatar malaminka yana da matsayin da ya ba shi damar jagorantar tez, sannan ka fifita mai karanta aikinka a kan mai yawan fita talabijin.

Abin da ya juya ni ya faru ne a daminar 2011, a wani ƙauye wajen Mirya. Kakanmu ya taɓa ba wani baƙo aron gona. Baƙon ya noma ta har ya rasu, ɗansa ya noma, yanzu jikoki sun ce tasu ce, gado suka ci. Kawuna ya aiko a kira ni: "Kai da ka yi karatun shari'a, zo ka tsaya mana." Na tafi da jan littafin dokar farar hula a hammata, ina taƙama.

A ƙofar mai gari aka shimfiɗa tabarmi. Ba wanda ya tambayi takarda. Mai gari ya fara da cewa: damin hatsin da mai aro ke kai wa mai gona bayan girbi, don a san gonar ba tasa ba ce, yaushe aka daina kai shi? Wa ya fara dainawa, kuma da aka daina, wa ya yi magana? Gambar da ke iyaka, wa ya dasa ta? Itatuwan da ke tsakiya, fitowa suka yi aka bar su ko shuka su aka yi, kuma da izinin wa? Aka kira wani tsoho da ba ya gani sosai, wanda yana yaro ya taɓa rakiyar jakin da ke kai damin. Aka kawo zancen rantsuwa da Alƙur'ani, wuri ya yi nauyi, kowane ɓangare ya fara duban ƙasa. Ni dai ina zaune da littafina a cinya, ko tambaya ɗaya ban san amsarta ba, ban ma san cewa su ne tambayoyin ba. A hanyar komawa kawu bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "To ɗana, wace shari'ar ce kake karantawa can?"

Na koma na buɗe dokokin ƙasarmu da na raina, ina ganin na masu aikin gona ne. Dokar tsarin karkara ta 2 ga Maris 1993 ta ce haƙƙin da mutum ke da shi a kan ƙasa, ko daga al'ada ya samo shi ko daga rubutacciyar doka, kariyarsu ɗaya. Ita ta kawo kwamitocin filaye, Kofo, da ke ba da takardar shaidar saye, kyauta, aro ko jingina. Rikicin gona sai ya bi ta hannun sarakuna an nemi sulhu, an rubuta takardar an daidaita ko ba a daidaita ba, kafin juji ya saurare shi. Dokar tsarin kotuna ta 2004, wadda ta 2018 ta maye gurbinta, ta umarci alƙali ya yi aiki da al'adar masu ƙara a sha'anin aure, saki, gado da gonar da ba ta da rijista, muddin ba ta ci karo da yarjejeniyoyin da ƙasa ta amince da su ko ƴancin mutum ba, kuma yana zama da masana al'ada suna ba shi shawara. Wato zaman da na raina a kan tabarma, mataki na farko ne na shari'ar ƙasa. Nan tambayata ta fito da kanta: in aro ya haura kaka ya kai jika, shaidu sun mutu, da me mai gari ke gane mai gona, da me juji ke ganewa, kuma in aka ɗaukaka ƙara, wace hujja ke tsira?

Kada ku ɗauka daga nan na daina shirme. Na fita ƙauyuka da takardar tambayoyi da Faransanci da na'urar ɗaukar murya, na faɗa gari ban fara gaida mai gari ba. Mutane suka ɗauka gwamnati ce ta turo ni awon gonaki, kowa ya ce lafiya lau, su ba su taɓa rikici ba. Sai da na koyi zuwa da ɗan gari, in gaida manya, in kwana, in sha fura, in bar na'urar a jaka sai an yarda.

Wanda ya fi yi mini ciwo shi ne na fassara. Mutum na magana da Hausa, ni ina rubutawa kai tsaye da Faransanci. Aro, jingina, haya, kyauta, "na ba shi ya ci", "na ba shi riƙo", duk na murƙushe su cikin kalmomi biyu ko uku na dokar Faransa. Alhali shari'ar kacokan tana cikin bambancin nan: wanda aka ce "ya ci" ba ɗaya yake da wanda aka ce "na bar maka" ba. Dole na sake zagaye na biyu. Rubuta maganar mutum yadda ta fito daga bakinsa, fassara ta jira ka a gida.

Innata ce ta nuna mini wani ramin. Ta ga tarin littattafan hirata ta ce, "Duk maza ka tambaya? Je ka tambayi mata ina rabonsu na gonar ubansu ya shiga." A fiƙihun Malikiyya mace na da rabin rabon namiji. A ƙasa kuwa na tarar sau da yawa gonar na hannun ƴan'uwa maza, ita ana ce mata rabonta na nan, ko a sallame ta da ɗan kuɗi. Babi guda ya fito daga wannan maganar. Ya kuma tilasta mini komawa zaure, ni da na bar allo tun ina ƙarami, na durƙusa gaban malami ana biya mini babin gado da na shaida a Risala da Muhtasar. Abin da hukunci ke kira "al'adar Hausa" a ƙasar Damagaram, in ka tona, sau tari fiƙihu ne ya cakuɗe da gargajiya. Mai son bincike a wannan fanni da ba ya iya buɗe waɗannan littattafai, da ido ɗaya yake aiki.

Hukunce-hukuncen kansu suna ofishin girefe, mai ajiyar takardun kotu, sai ka nemi izini a rubuce ka zauna ka kwafa. Na zamanin Turawa kuma, ku tuna garin nan namu na Damagaram shi ne babban birnin Nijar har 1926. Takardun lokacin suna gidan adana tarihi na Yamai, wasu a Dakar, wasu a Eks-an-Furobans ta Faransa. Na makara ban je Yamai ba sai dab da ƙarshe, ina ƙyashin tafiyar kilomita wajen 900 a kar. André Salifou, ɗan garin nan da jami'armu ke ɗauke da sunansa, da tarihin Damagaram na ƙarni na 19 ya fara yin suna. Bai ga gida ya yi masa kaɗan ba.

Ba cewa nake kowa ya koma gona ba. Mai son dokar kasuwanci, ga OHADA, yarjejeniyar 1993 da ta haɗa ƙasashe 17 da kotunta a Abijan. Amma kafin ka sake sharhin abin da aka riga aka yi wa sharhi ɗari, shiga Kasuwar Dole ka tambayi mai ɗauko kaya bashi daga Kano, ba takarda ba sa hannu, wa yake kai wa ƙara in an cinye shi. Kuma ka san abin da kake nema da digirin. Zama lauya ko juji ba ya bukatar doktora, hanyarsu dabam. Doktora ta koyarwa da bincike ce, kuma bayanta CAMES, hukumar da ke tantance malaman jami'a, mai mazauni a Wagadugu, maƙaloli za ta tambaye ka kafin ka ƙara matsayi. Ni ko ɗaya ban fitar ba ina cikin tez, sai bayan na gama na fara daga sifili. Matata kuma, da na ce mata "saura shekara ɗaya" sau huɗu, ita kaɗai ta san abin da ta haɗiye. Gaya wa iyalinka lissafin gaskiya tun farko.

Bayan sutnans na ɗauki kwafi guda mai bango na kai wa kawu. An daɗe da yin sulhu a kan gonar, an raba ta, kowa na noma nasa gefen. Ya karɓi littafin ya juya shi, ya auna nauyinsa a tafin hannu.

"Maganar gonarmu na ciki?"

Na ce tana ciki, Kawu, da ita ma aka buɗe.

"Da sunana?"

Na ce a'a, ƙa'idar bincike ta hana, harafi ɗaya na sa a madadinsa.

Ya yi shiru, ya miƙo mini abina. "Shekara takwas," in ji shi, "ko sunana babu." Sannan ya ɗaga murya ya ce a kawo wa dokta fura.